Alkohol a Kayan Shafa: Me Yake Yi wa Fatarmu, Musamman da Hunturu?

Kamar yadda muka saba, ga rubutaccen shirin wannan makon saboda waɗanda data ta yi wa tsiya, da waɗanda suka fi son su karanta a nutse. Na ɗan gyara wasu wurare, amma yawanci yadda na faɗa haka na rubuta.

Yau maganar alkohol za mu yi. Kafin wani ya ce "A'uzubillahi, shirin ya koma na mashaya kuma?", a kwantar da hankali. Alkohol ɗin da ke cikin kayan shafa nake nufi: tonar da ake goge fuska da ita, man kariyar rana, turaren feshi, sifirit ɗin da mai aski yake shafa wa maza a ƙeya, har da man shafawar da ke gaban madubinki yanzu haka. Tunda sanyi ya fara shigowa saƙonni iri biyu suke zuwar min. Wasu suna cewa fuskarsu tana raɗaɗi tana saɓa, sun rasa dalili. Wasu kuma cewa suke sun ga kalmar a jikin robar mansu, sun jefa shi a shara. Masu magana ta farko akwai abin da ya kamata su ajiye, masu ta biyu kuma wataƙila kuɗinsu suka zubar a banza.

Bari in fara da kaina, don ni ma na taɓa shiga.

Lokacin ina ɗaliba a tsohon mazaunin Jami'ar Bayero, daga gidanmu nan cikin Ƙofar Kabuga wani lokaci da ƙafa ma nake tafiya. Fuskata mai maiƙo ce sosai, kafin azahar goshina yana ƙyalli kamar an soya ƙosai a kai, ga ƙuraje. Sai bikin 'yar yayar Ummanmu ya matso, saura wata guda, a cikin Disamba. Wata mai sayar da kaya ta waya ta haɗa ni da wani ruwa mai shuɗi-shuɗi, ta ce in riƙa jiƙa auduga ina gogewa safe da rana da dare. Wallahi ranar farko ji na yi kamar na tsinci dami a kala. Wani sanyi ya ratsa fuskar, maiƙon ya ɗauke ƙaf, fatar ta ɗaure, audugar kuma ta yi baƙi. Na ce kai, ashe duk wannan dattin nake yawo da shi. Alhali ƙurar titin Kabuga ce kawai, da ruwa ma da ta fita.

Wajen kwana goma gefen hancina da kewayen bakina suka fara saɓa. In na zo alwala ruwa ya taɓa wurin sai in ji zau. Na yi mata magana, ta ce, "Ai aiki yake yi Hajiya, ki daure, tsohuwar fatar ce take fita." Na daure kuwa. Har na ƙara da wanke fuska da sabulun salo sau uku, wai don in taimaka masa. Umma ce ta fara tsare ni a tsakar gida, ta ce, "Ke wai me kike shafawa ne haka, fuska ta yi dabbare-dabbare kamar bayan tukunya?" Ranar kamu mai kwalliya ta yi ta fama, hoda ta ƙi zama, sai tashi take yi ɓawo-ɓawo. A hotunan bikin nan duk a layin baya nake. Baƙin tabon da ya biyo baya ya kai wata shida kafin ya dushe.

Da na je wajen likitar fata, robar ta karɓa ta juya bayanta, ta nuna min abu na biyu a jerin, daga ruwa sai shi: Alcohol Denat. Amma ba ta ɗora masa laifin shi kaɗai ba. Ta ce, "Kin haɗa masa da sabulu mai ƙarfi, da dirzar auduga sau uku a rana, da iskar hunturu. Wace fata ce za ta ɗauka?" Wannan maganar tata ita ta sa na zauna na karanci abin.

To mu fara da ita fatar. Saman fatarmu akwai wani siririn rufi, kaurinsa bai kai na silin gashi ba, amma shi ne yake hana ruwan jiki guduwa, yake kuma hana abin waje shiga. Matattun ƙwayoyin fata ne a jere, hawa 15 zuwa 20, a tsakaninsu kuma akwai wani kitse da yake liƙe su. Kusan rabin kitsen nan wani abu ne da ake kira seramaid, sauran kuwa kolestarol ne da wasu dangin mai. Wani likitan fata Ba'amurke, Peter Elias, tun a shekarun 1980 ya shahara da kwatanta wannan rufin da ginin bulo da siminti. Mu Kanawa ba ma buƙatar zuwa nesa, ga badala nan. Tubali ne aka jera, aka liƙe da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Duk wanda ya tashi kusa da ganuwa ya san yadda take mutuwa: ba tubalin ne yake fara lalacewa ba, ƙasar da ke riƙe shi ce ruwan sama yake lasa kaɗan-kaɗan, shekara bayan shekara, masu ɗibar ƙasa su ƙarasa, sai wata damina ka ga gefe guda ya zube. Haka kitsen nan yake a fata. In ya ragu ruwa sai ya riƙa tsiyayewa ta sama, fata ta bushe, ta yi furu-furu, ta fara tsagewa a inda ido ba ya gani.

Shi kuma alkohol ɗin da ake tsoro, sunansa itanol, shi ne dai wanda ke cikin giya. A jikin roba za ku gan shi da sunaye irin su Alcohol kawai, ko Ethanol, ko Alcohol Denat., ko SD Alcohol da lamba a gabansa. Yana da ɗan uwa, Isopropyl Alcohol, halinsu kusan ɗaya. Wannan "Denat." ɗin ma'anarsa an zuba masa wani abu, galibi mai mugun ɗaci, don kada wani ya sha, kuma don kamfani ya kauce wa harajin giya. Abu biyu ya iya. Na farko yana narkar da mai. Na biyu yana bin iska da sauri, don a digiri 78 yake tafasa, ruwa kuwa sai ya kai 100. Sanyin nan da na ji ranar farko ba wani gyara ba ne, tashinsa ne daga kan fata yana ɗauke zafin wurin, kamar yadda gumi yake sanyaya mutum in iska ta kaɗa. Ɗaurewar da fata take yi kuwa, wadda ake ce mana wai ramukan fuska ne suka rufe, bushewa ce. Ramukan nan ba ƙyaure ne da su ba balle su buɗe su rufe.

Maiƙon fa? Ya goge na sama, gaskiya ne. Amma masana'antar maiƙon tana can ƙasa, kuma sinadaran jiki ne suke ba ta umarni, musamman lokacin balaga. Alkohol ba ya kaiwa can ya kashe ta. Bayan 'yan awanni maiƙo ya dawo. Sai ki sake gogewa, ya sake dawowa, ki sake. Ƙarshenta sai ki wayi gari da fuska mai maiƙo a goshi da hanci, mai saɓa a kumatu da gefen baki, duka a lokaci guda. Ni haka tawa ta koma.

Maganar raɗaɗi kuma, wannan ita ta fi ba ni mamaki da na karanta. A cikin fatarmu akwai wasu jijiyoyi masu jin zafi, su ne dai barkono yake tsokana in ya taɓa harshe. Wanda ya gano wannan ma'aji na jin zafi, David Julius, har kyautar Nobel ya samu a 2021. A ƙa'ida ba sa kururuwa sai zafi ya kai wajen digiri 42. To a 2002 masu bincike suka gano cewa itanol yana sauko da wannan iyakar zuwa wajen digiri 34. Jikin ɗan Adam kuma 37 yake. Kun ga kenan in alkohol ya samu hanya ya kai ga jijiyoyin nan, ɗumin jikinki ma kaɗai sai ki ji shi kamar wuta. Kuma yaushe yake samun hanya? Sai in akwai tsaga. Shi ya sa sanitaiza ba ya damun lafiyayyen hannu, amma ya taɓa ɗan yankan wuƙa sai ka yi tsalle. Don haka duk mai ce miki "raɗaɗin nan alamar yana aiki ne", ki sani abin da raɗaɗin yake gaya miki shi ne ganuwarki ta riga ta tsage.

Sai dai kuma ba na so in yi irin abin da ake yi a TikTok, a ɗauki abu guda a mayar da shi dodo. A 2007 wasu masu bincike a Jamus, Harald Löffler da Günter Kampf da abokan aikinsu, sun gwada alkohol mai ƙarfi a fatar mutane, suka kwatanta shi da wanki da sinadarin kumfa irin na sabulun ruwa. Abin da suka samu, alkohol yana rage danshin fata, amma ɓarnar da wankin kumfa yake yi wa rufin fata ta fi tasa nesa ba kusa ba. Wani zai ce ai ɗaya daga cikinsu da kamfanin haɗa irin waɗannan kaya yake aiki a lokacin, kuma haka ne. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a ƙa'idojin tsaftar hannu da ta fitar a 2009, ta ce hannun ma'aikatan asibiti ya fi jure sanitaiza mai ɗauke da abin laushi a kan yawan wanki da sabulu. Ku duba haɗin da ita hukumar ta bayar, wanda aka yi ta yi a 2020 lokacin korona: itanol kashi 80, sannan gilisarin kashi 1.45. Wannan ɗan gilisarin ɗin an sa shi ne musamman don hannu kada ya bushe.

Abin da na fahimta kenan: tambayar ba "akwai alkohol ko babu" ba ce kawai. Nawa ne a ciki? Da me aka haɗa shi? Sau nawa ake shafawa, a wace irin fata, kuma a wane yanayi? Man kariyar rana da yawa, musamman na Japan da Koriya da 'yan mata suke yayi yanzu, akwai itanol a sama-saman jerinsu. Shi ne yake sa su bushe da wuri, ba danƙo, ba nauyi. Mai fuska mai maiƙo a watan Afrilu, ana zafin da ya haura digiri 40 a Kano, in irin wannan ne kaɗai za ta iya jurewa ta shafa kullum, kuma ba ya yi mata raɗaɗi, ni ban ga dalilin hana ta ba. Rana ta fi wannan ɗan alkohol ɗin ƙara baƙin tabo. Amma a ɗauki ruwan da rabinsa alkohol ne, ba gilisarin ba komai, a riƙa dirza shi da auduga sau uku a rana a watan Janairu, lokacin da danshin iska a garin nan yake sauka ƙasa da kashi 20, leɓe yana fashewa, dunduniya tana faso? Wannan neman magana ne. Kayan da aka tsara don mutanen Seoul ko Legas, inda iska ke da laima, ba lallai su yi daidai da Kabuga da hunturu ba. Masu busasshiyar fata, da masu fatar da ba ta son wargi, da masu ciwon ƙaiƙayin fata da ke tashi lokaci-lokaci, su kam gara su nisance shi a fuska kowane lokaci.

Kuma mu baƙaƙen fata akwai wani haraji da muke biya wanda Bature ba ya biya sosai. Shi in fatarsa ta fusata ja take yi, bayan kwana biyu ta koma. Mu kuwa duk inda kumburi ko ƙuna ya taɓa, ƙwayoyin da ke samar da launi sai su zuba baƙi a wurin, kuma yakan ɗauki watanni, wani ma fiye da shekara. Kuma jan da ke gargaɗin Bature tun da wuri, mu ba ya fitowa sosai a namu, sai abu ya yi nisa muke lura. Kin sayi abu don ki kori tabon ƙuraje, ya bar miki wanda ya fi shi faɗi.

Daga nan ne kuma tarkon yake, don mai baƙin tabo ita ce kasuwar masu haɗin mai. A nan nake so ku ba ni kunnenku sosai. Alkohol yana da wani aiki na uku da ban faɗa ba: yana buɗe wa wasu sinadarai hanya su ratsa fata. Masu haɗa magani sun san haka, da gangan suke sa shi a wasu magungunan shafawa, kamar ruwan minoksidil na masu sanƙo, don maganin ya shiga. A hannun likita wannan alheri ne. Amma ku tuna, ta Ƙofar Kabuga Turawan Ingila suka shigo Kano a Fabrairun 1903, tsohon ƙyauren ma yana Gidan Makama. Ƙofar da fatake suke shigowa da alheri, ita ce dai ta shigo da masu bindiga. Yarinya ta goge fuska da tona mai alkohol, fatar ta tsattsage, sannan ta ɗora haɗin bilicin wanda ba ta san me ke ciki ba, ko haidurokwinon ne da ya wuce kima, ko sitiroyid irin na 'yan tub ɗin nan, ko ma makuri. Ta buɗe musu ƙofa da hannunta. Shi sitiroyid ɗin kuma aikinsa ne ya sirantar da fata, sai alkohol ɗin gobe ya fi na yau zafi. Hukumar NAFDAC ba ta yarda haidurokwinon ya wuce kashi 2 a kayan shafa ba, makuri da sitiroyid kuwa ba su da gurbi a ciki sam, kuma a 2023 shugabar hukumar, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasar nan. Amma robar da aka ɗura a ɗaki, ba suna, ba jerin sinadarai, ba lamba, wa zai gaya miki kashi nawa ne a ciki?

To yanzu masu jefa mai a shara, ku matso.

Wata ta turo min hoton man shafawarta, ta zagaye kalmar Cetyl Alcohol da jan layi, ta ce, "Anti, ashe giya nake shafawa shekara biyu?" A'a ƙanwata, ba giya kike shafawa ba. A ilimin sinadarai kalmar alkohol sunan dangi ne, kamar a ce Bakano. A cikin Kanawa akwai malami akwai ɗan dambe. Cetyl Alcohol, da Stearyl Alcohol, da Cetearyl Alcohol wanda haɗin biyun ne, da Behenyl Alcohol, waɗannan ba ruwa ba ne ma. Farin abu ne mai kama da kakin kyandir, na farkon sai zafi ya kai wajen digiri 49 yake narkewa. Ba sa bin iska, ba sa bugarwa, ba sa busarwa. Su ne suke ba mai kauri da santsi, su hana ruwa da mai rabuwa a cikin roba, su kuma laushe fata. Wani Bafaranshe, Michel Chevreul, shi ya fara fitar da na farkon a 1817 daga kitsen kan wani ƙaton kifin teku, sunan ma daga sunan kifin aka samo shi a Latin. Yanzu galibi daga man kwakwa da na kwakwar manja ake yin su. Gilisarin ɗin da iyayenmu suke haɗawa da ruwa da sanyi, shi ma a lissafin masana ɗan wannan dangin ne. Shi ya sa za ki ga roba an rubuta babu alkohol a gabanta, ki juya baya ki ga Cetearyl Alcohol, ki ce an yi miki ƙarya. Ba a yi ba. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fayyace cewa itanol ake nufi da wannan rubutun. Akwai kuma Benzyl Alcohol, wanda ake sa ɗan kaɗan, bai wuce kashi 1 ba in don hana kaya lalacewa ne. Yawancin mutane ba ya damunsu, 'yan ƙalilan ne jikinsu ba ya so.

Af, kun san ma asalin kalmar? Daga Larabci take, al-kuhl, wato kwallin da muke sa wa a ido. Turawa suka ara suna kiran duk wani gari mai laushi da shi, daga baya duk wani abu da aka tace, har ya zo ya tsaya a kan ruhin giya. Kwalli dai.

Na san wasu maganar sallah ce ta dame su, ba ta fata ba. Ni ba malama ba ce, iyakata in faɗi abin da yake sananne. Jumhurun malamai, har da Malikiyya, suna ɗaukar giya najasa ce. Akwai kuma waɗanda suka ce shanta haramun ne amma ita kanta ba najasa ba ce, irin su Rabi'a malamin Imamu Malik, da Laisu ɗan Sa'ad, daga baya Shaukani da Ibn Usaimin. Batun turaren feshi da tona da sanitaiza, a kai wa malamin da aka amince da shi. Abin da zan roƙa kawai, in za a kai tambayar a bambance masa, don Cetyl da Stearyl ba su cikin wannan saɓanin ko kaɗan, ko buhu mutum ya ci ba zai bugu ba.

Maza, ban manta da ku ba. Ƙanina duk Juma'a in ya dawo daga aski ƙeyarsa tana warin sifirit, ya ce in bai ji zafin nan ba ji yake kamar ba a gama askin ba. Ɗan uwa, zafin nan dai shi ne wanda na yi bayani ɗazu: injin ya kankare fatar, sifirit ya shiga tsagar. Goge kan injin da shi yana da amfani, ko da yake mallakar naka injin ya fi. Amma ƙurajen aski na gemu da wuya, yawancinsu ba ƙwayar cuta ce ta fara kawo su ba. Gashinmu nannaɗaɗɗe ne, in aka yanke shi ƙasa sosai sai ya lanƙwasa ya soki fata ya koma ciki, jiki ya ɗauke shi kamar ƙaya. Sifirit ba ya miƙe gashi. Abin da yake taimakawa shi ne a daina ƙwalƙwal ɗin da ke kaiwa har saiwa, a bar ɗan tsawo, a bi da reza yadda gashin ya kwanta, a wanke da ruwa, a shafa mai marar ƙamshi. In kuma ƙurajen ƙeya sun fara tauri suna haɗewa, wannan ya wuce shagon aski, sai asibiti.

Yaya za a gane a shago? Juya robar. Ana jera sinadarai ne daga mafi yawa zuwa mafi ƙanƙanta, sai waɗanda ba su wuce kashi 1 ba, su ana iya jera su yadda aka ga dama a ƙarshe. In kin ga Alcohol Denat. ko Ethanol ko Isopropyl Alcohol a na biyu ko na uku, to da yawa ne. In can ƙasa yake kusa da turare, bai kai abin tashin hankali ba. Hanci ma yana taimakawa: in kin buɗe kin ji warin ɗakin allura, kin ɗiga a bayan hannu ya yi sanyi ya ɓace kafin ki ƙirga goma, kin san da wa kike tare. Sabon abu kuma kada fuska ta zama wurin gwajinsa. A shafa a cikin dantse, wuri kaɗan, sau biyu a rana har kwana 7 zuwa 10, a ga abin da zai yi.

Wadda kuma ta riga ta ƙone kamar yadda na ƙone, ga abin da likitata ta sa ni, kuma shi ne dai likitocin fata suke faɗa. Na ajiye komai: tona, sabulun salo, dilka, lemon tsami, duk wani abin dirza. Wanka da ruwa mai ɗumi, ba mai zafin da muke so da sanyi ba. Abin wanke fuska marar kumfa sosai, sau ɗaya da dare, da safe ruwa kawai. Sannan tun fatar tana da danshi in shafa mai marar ƙamshi, in ɗora ɗan basilin a inda yake saɓa. Basilin ɗin nan da muke rainawa yana tare kusan kashi 98 na ruwan da ke fita ta fata, ba wani mai tsada da ya kamo shi a wannan aikin. Man kaɗe mai kyau ma yana yi, sai dai mai yawan ƙuraje ta yi hankali da shi a fuska. Raɗaɗin alwala ya daina cikin mako guda. Saɓar ta ɗauki kusan wata, don kusan haka fata take ɗauka kafin ta sabunta samanta. Tabon shi ne ya daɗe, kuma sai da na haɗa da man kariyar rana da rage yawo a tsakar rana.

Amma in fuska ta kumbura, ko tana fitar da ruwa, ko mako biyu ya wuce ba sauƙi, a je asibiti, akwai sashen fata a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Wadda kuma ta san ta daɗe tana shafa haɗi ko tub, kada ta yanke shi rana ɗaya da kanta, don fatar da ta saba da sitiroyid takan yi bore in aka janye mata shi farat ɗaya. Likita ne zai tsara yadda za a sauka. A tafi da robar a jaka, ko da ba rubutu a jikinta, kuma a faɗa masa gaskiyar tsawon lokacin da aka yi ana shafawa.

Mako mai zuwa in Allah Ya kai mu za mu taɓa maganar sabulun salo, tunda na ambace shi yau har sau uku kuma na san masoyansa ba za su bar ni ba. Kafin nan duk wadda ke da robar da ta rikita ta, ta ɗauki hoton bayan robar, inda jerin sinadaran yake, ta turo. Ban da hoton gaban, don Allah, wannan talla ce kawai a jiki.